Garkuwar Kaka

Ni da kuke ganina, jikar mayaƙi ce. Kakana ya tsaya gaban dakarun Damagaram sa'ad da suka biyo ta ƙasar Ɗanbatta. Garkuwarsa ta fatar ɓauna tana rataye a ɗakinsa, ba mai taɓa ta. Akwai huda a gefenta, inda mashi ya shiga ya tsaya. In ba ya nan, nakan zura yatsana a ciki.

Shekarar da fara ta cinye gero, rumbunmu ya koma wayam. Ƙanena Sale yunwa ta ci shi har ya daina kuka. Wata rana bayan la'asar na tarar da Kaka yana tsamo garkuwar daga kwatarniya, ashe kwana uku ta yi a jiƙe.

Na ce, "Kaka, yaƙi za ka?"

Ya ce, "Yaƙi ya iso har gida, amarya. Hura min wuta."

Ya babbake ta, ya kankare, ya shiga yankawa, Inna tana zubawa a tukunya da kanwa. Ƙaurin nan har yau yana hancina. Da wuƙa ta zo kan hudar, sai ya dakata, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ta tare mashin Damagarawa. Bari mu ga ko za ta tare wannan."

Muka yi ta tauna, tauri kamar takalmi. Shi ko ɗanɗanawa bai yi ba. Romon kuwa Sale aka ɗura wa da ludayi.

Ba ta tare ba. Kafin damina ta dawo, an kai Sale makwancinsa.

Jikokina suna yi mini dariya wai tsohuwa ba ta cin ganda. Nakan ce musu haƙora ne.