Kunun Inna

"Uwata za ku killace kamar kuturwa?" Ya tare likitar a ƙofar ɗakin. Tiyata ya kawo ta Daura tun daga Mai'adua, ba wulaƙanci ba.

"Gwajin bayan-gidanta ya gano ƙwayoyin cutar hanji da suka gagari magungunanmu," in ji likitar.

"Ƙazantar asibitinku ce! Wallahi sai na yi ƙararku!"

"Da su ta zo. Shan kafso barkatai ke jawo su. Inna, wa ke ba ki?"

Tsohuwar ta washe baki daga kan gado. "Ɗana mana. Kullum da hannunsa yake fasa mini cikin kunu, ko lafiyata ƙalau. Allah ya yi masa albarka."

Ya kasa cewa amin.