Lambun da ke Juyawa

Ranar Litinin aka fara tumɓuke furannin. Baha'uddeen yana tsaye da hular kwano a kansa yana kallon ma'aikata, amma hankalinsa na kan Juma'a. Sabon mai jirgin ruwan da lambun yake ciki ya ce kafin ranar a kwashe lambun nan a gina masa wurin wanka, in ba haka ba ya ba wani aikin. Kuma wannan ce babbar kwangila ta farko da Baha ya samu tun da ya buɗe ɗan kamfaninsa na tsara ɗakuna a wani ɗan gida a unguwar Thamesmead ta Landan.

Jirgin ruwa ne na alfarma, hawa biyar, ɗaure a tashar Canary Wharf. Wani attajiri ɗan Arewa, Alhaji Zailani, ya sa aka ƙera shi a lokacin da ake nemansa ruwa a jallo, ba ya iya sauka a gida, ba ya iya sauka a waje. Daga baya aka daina jin ɗuriyarsa, kotu ta yi gwanjon jirgin. Ɗan Rasha ya saya ya lulluɓe shi da zinariya har bayan gida. Balarabe ya kankare zinariyar ya shimfiɗa marmara. Bature ya zo ya mai da komai fari fat kamar asibiti. Kowannensu ya sauya wa jirgin suna, don mai kuɗi ba ya son a ce gwanjo ya saya. Lambun kaɗai suka bari.

Lambun yana can baya, ƙarƙashin rufin gilashi. Faifan ƙarfe ne babba, a tsakiyarsa an zuba ƙasa a wani dogon gurbi da bai fi faɗin tabarma ba. Faifan yana juyawa da kansa, dillalai kuma suka ce rana yake bi, saboda furanni.

Kullum da safe wata tsohuwa, Hajiya Amamata, takan taso daga unguwar Abbey Wood ta tsaya a bakin ƙofar tashar. Da ta ji Baha na Hausa a waya sai ta riƙe masa hannun riga, ta roƙe shi kada a taɓa lambun. Ya tambayi dalili. Ta dubi masu gadi, ta yi ƙasa da murya, ta ce ita ta shuka furannin. Ya ce ai ba komai, zai sa a zuba mata su a tukwane.

"Ba furannin nake roƙo ba, ɗana," in ji ta.

Ta ba shi tausayi, ta kuma ba shi haushi. Ya zare hannunsa a hankali ya shige.

Ranar Laraba aka juya jirgin don injin ɗaga kaya ya iso bayansa. Sama ta yi baƙi, ana yayyafi, babu ko alamar rana. Duk da haka faifan ya yi wani dogon nishi ya motsa. Jirgin ya juya, lambun ya tsaya yana fuskantar inda yake fuskanta. Da Baha ya zo yin azahar a wurin ya duba alƙibla a wayarsa, sai ya ga gurbin ƙasar ya gitta a gabansa daidai wa daida. Ya matsa gefe ya yi sallarsa, ya ce wa kansa dacewa ce.

Washegari aka fara haƙa. Ƙasar ja ce, mai ƙamshin ƙasar gida bayan ruwan farko, abin da bai taɓa ji a Landan ba. Can sai shugaban ma'aikatan, wani Bature, ya kira shi. Ya ce sun tarar da itatuwa a jere a gicciye, an toshe tsakaninsu da fasassun tukwane da laka, wai tsohuwar dabarar tsane ruwa ce, yana neman izini su fasa.

Baha ya durƙusa ya leƙa. Ya san wannan jerin, domin da hannunsa ya yi irinsa a Zariya ranar da suka rufe mahaifinsa. Ya ɗaga kai, ta gilashi ya hango tsohuwar a cikin yayyafi, tafukanta a buɗe tana addu'a.

Ashe duk saye da sayarwar nan da aka yi, Alhaji Zailani bai taɓa sauka daga jirginsa ba.