Jinkirin Malam Barau

Ranar da labarin rasuwar mijinta Malam Barau ya iske Asabe, tana tankaɗen gari. A zamanin, asibiti kan sallamo gawa tare da muryar mamacin, sai aka zuba mata tasa a tsohuwar kwamfutar shagonsa.

Injin ya tsufa. In ta ce, "Malam, ina kwana?" sai ta ja ƙwayar carbi goma sha ɗaya kafin ya amsa. Haka yake da ransa, bai taɓa gaggawar magana ba.

Ƙanensa Tanimu ya ce wannan jinkiri wahala ce kawai. Ya sauya wa injin ƙwaƙwalwa, ya riƙe agogo.

"Gaishe shi mu gani, Yaya."

Ba ta rufe baki ba muryar ta ce, "Lafiya lau."

"Kin ji ko? Ko daƙiƙa ɗaya bai kai ba."

"Mayar mini da tsohuwar."

"Ai ta ƙone wajen cirewa."

Ta ce to. Ta kawo masa ruwa, ya sha, ya tafi.

Yanzu kullum da safe daga bakin rijiya take gaishe da Malam, inda amsar injin ba ta isowa. Takan tsaya jim, guga a hannu, tana sauraron shirun.