Wari a Ajin Rawa

"Ko ita ko ni, Abla Marwa!" Sundus ta ce wa malamar rawa, tana toshe hanci da gyale.

Mata zalla ne a ajin na unguwar Khalidiyya, suna koyon rawar biki. Kullum Sundus leshinta mai tsada take sawa, wanda ba ya son ruwa, ta bulbule shi da humra. Ita kuwa Tasallah, 'yar Nijar ɗin da ke tsayawa gefenta, wata koɗaɗɗiyar riga gare ta.

"Dubi yadda kowa ke gudun wajenmu saboda ita. Ko turaren hammata ba ta sani ba. Baƙauyiya!" in ji Sundus.

Marwa ta mayar da Tasallah layin gaba.

Aka saki kiɗa. Sundus ta gyara tsayuwa tana yatsina, tana jiran a matso. Ba wadda ta matso. Can gaba kuwa an kewaye Tasallah ana ta shewa.

Marwa ta zo ta raɗa wa Sundus, tana riƙe numfashi: "Habibti, tun korona Tasallah ba ta jin wari. Ita kaɗai ke iya tsayawa kusa da ke."