Lemon Cikin Bokiti

Kafintan da ke neman aurenta ya same ta a bayan gidan mahaifinta tana haƙa rami. Ga itacen lemon da ya ba ta shekara huɗu da suka wuce, ya ce ta raine shi a bokiti har su tare a nasu gidan. Yanzu saiwa ta fasa bokitin.

"Na kawo wanda ya fi girma," ya ce a hankali. "Ki ƙara mini shekara ɗaya."

Ta dubi sabon bokitin, ta dube shi. Ko ƙarfin faɗa ba ta da shi.

"Ya gaji da bokiti, Malam. Ƙasa yake so."

Ta sa lemon a ramin, ta tattake ƙasar da ƙafa.