Tulun da Bai Shiga Wuta Ba

Zauna nan, Nafi'u, ajiye takardar nan tukuna, ba guduwa za ta yi ba. Na ji an ce tun da ka karɓo digirinka na ilimin halayyar ɗan Adam ka shiga cigiyar shago, wai za ka kafa allo ka riƙa ganin masu damuwa. Digiri na biyu, da zaman horo a asibiti a ƙarƙashin gwani, da rajistar da ke biyo baya, ka ce duk jan rai ne, mutane yanzu suke shan wahala. Oh, ɗan nan! Ni gwaggonka shekara talatin na yi ina sauraron mutane a asibitin ƙwaƙwalwa. Wallahi tausayin nan naka ya burge ni, kuma shi ne yake ba ni tsoro. Bari in ba ka misali.

An yi wata mata a wani gari na kan tudu, nesa da rafi. Shekara huɗu ta yi a gidan wata tsohuwar maginiya tana koyon ginin tukwane, har ta kai in ta murza yumɓu da yatsa biyu ta san daga ramin da aka haƙo shi. Al'adar gidan kuwa, tulu ba ya fita sai ya sha iska a inuwa, ya shiga wuta, sannan tsohuwa ta ƙwanƙwasa shi da zobenta ta kasa kunne. In ya amsa, a kai kasuwa. Matar nan ta gina tulunta na farko, mai dogon wuya, ta shafe shi da jar ƙasa, ta goge har yana ƙyalli. Da hantsi takan zauna gindin tsamiya ta zuba masa ido, hankalinta ya tafi. Sai ta ga ruwa kwance a cikinsa, sanyi ƙalau, gajimare na wucewa a kai a hankali. Ta ga mutanen da ba ta sani ba sun taho daga nesa, sun sha, sun yi ajiyar zuciya, sun sa mata albarka. Saura kwana goma a hura wuta, ita kuwa gani take shekara ce.

Rannan tsohuwa ta tafi unguwa, sai ga wata baƙuwa ta yi sallama tana neman tulu, idonta ya yi ja. Mahaifiyarta ce kwance da zazzaɓi, tulunsu ya fashe, ko ɗigon ruwa babu a ɗaki. Matar nan ta dubi tulun, ga shi ja wur, ya bushe ƙamas, wa zai ce bai gasu ba? Tausayi ya kama ta, ta ɗauka ta miƙa, ta ce, "Je ki, Allah ya ba ta lafiya." Baƙuwa ta gangara rafi, ta cika shi taf, ta naɗa gammo ta aza, ta kamo hawan tudu. Rana ta take, hanya na rawa a gabanta, tana jin ruwan yana motsi bisa kanta, tana hango yadda za ta tallafo kan uwar ta kai mata ƙoƙo baki. Da ta ji danshi a goshi, ta ɗauka gumi ne. Ta shafa, ta ga ja. Ta ƙara sauri. Tulun nan ko ƙara bai yi ba. Laushi ya riƙa yi, gindi ya lotsa, wuya ya sunkuya, ruwa ya biyo fuskarta da bayanta, ƙasa ta shanye. Tana iya jiyo tarin uwarta daga inda ta tsaya, ba komai a hannunta sai cuɗaɗɗiyar laka. Ga rafi ya yi nisa, ga ƙarfi ya ƙare. Da a ce tun farko an ce mata babu, ai da ta ari ƙwarya a maƙwabta.

To, ka ji. Mai ginin nan ba muguwa ba ce, kuma ta iya aikinta, Nafi'u, kamar yadda ka iya naka a takarda. Amma wanda zai zo gabanka da abin da ya yi shekara goma yana ɓoyewa, sau ɗaya yake samun ƙarfin halin buɗe baki. In ya juye maka shi duka, kai kuma ka narke a hannunsa, ba zai je wurin wani ba. Gida zai koma ya ja ƙofa, ya ce daman ya sani babu mai iya masa. Na ga irinsu da idona, kuma har gobe abin yana ci mini rai. Hausawa dai sun riga mu faɗa: ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki.