Ƙofar da Ba a Turo Ba

Tana kallon ɗanta a bidiyon waya yana nuna mata ɗakinsa na Turai, inda ba a ɗauke wuta, motar asibiti kuma ba ta jinkiri in an kira ta, sai ya dafe ƙirji ya sulale ƙasa.

"Wayyo jama'a, ɗana!"

Kafin ta rufe baki, maƙwabtanta na Falgore sun cika tsakar gida, wani da ruwa a buta, wani ya riga ya tayar da babur.

"Inna, ina yake?"

Ta miƙa wayar. Suka yi cirko-cirko suna ƙwala masa kira, idonsu a kan farar ƙofar ɗakinsa da ke cikin bidiyon, suna jiran wanda zai turo ta, ko da ba sallama.